Kwamfuta Mai Yawan Neman Kalmar Sirrin Wi-Fi: Dalili da Hanyar Gyara

Kwamfutar tafi-da-gidanka da ke neman kalmar sirrin Wi-Fi duk lokacin da aka kunna ta, sau da yawa ba mantuwa ta yi ba, ma'ajiyar da kalmar take ciki ce ba ta buɗe ba. Ana ganin haka a Ubuntu da danginsa na Linux, inda NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin intanet, kan iya ajiye kalmar a GNOME Keyring, wato ma'ajiya mai kulle da ke buɗewa da kalmar da mutum ke shiga kwamfutarsa da ita. Idan an saita kwamfutar ta riƙa shiga kai tsaye ba tambaya, ko kuma kalmar shiga ta sha bamban da ta ma'ajiyar, to ma'ajiyar za ta zauna a kulle, tambayar kuma ba za ta ƙare ba.

Gyaran da ya fi aminci shi ne a kashe shiga kai tsaye, a daidaita kalmomin biyu. Akwai kuma zaɓin ajiye kalmar don duk masu amfani da kwamfutar, wanda ke rubuta ta ƙarara a wani fayil da mai cikakken iko kaɗai ke iya karantawa. Wannan ba laifi a kwamfutar gida, amma bai dace da wadda ke yawo hannu-hannu ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne shawarar da ta yaɗu ta barin ma'ajiyar ba kulle, domin ba kalmar Wi-Fi kaɗai take riƙe da ita ba, har mabuɗin kalmomin da Chrome ya adana yakan kasance a ciki.

A Windows da macOS galibi ya isa a sa kwamfutar ta manta da Wi-Fi ɗin, a sake shigar da kalmar, a zaɓi haɗuwa kai tsaye.

Wani lokaci kuma laifin na sigina ne. A tsarin tsaro na WPA2, wanda ya fito a 2004, kwamfuta da na'urar rarraba intanet suna musayar saƙonni 4 kafin haɗi ya tabbata, kuma idan raunin sigina ko katanga ya sa musayar ta katse, kwamfutar na iya ɗauka kalmar ce ba daidai ba. Matsawa kusa da na'urar yakan raba gardama nan take.

Sai dai ba kowace tambaya ce ta gaskiya ba. Ɓata-gari kan kafa Wi-Fi na bogi mai suna iri ɗaya da na ofis ko otal, su katse haɗin mutum, sannan su nuna masa shafi da ke cewa ya sake rubuta kalmarsa. Kalmar Wi-Fi na gida a ƙaramar tagar kwamfutar ake nemanta, ba a shafin intanet ba, saboda haka duk shafin da ya neme ta a rufe shi, a tuntuɓi mai kula da na'urar.