Akwatin Zaɓen da Ya Raba Mekele da Addis Ababa

Ranar 9 ga Satumba, 2020, mutanen Tigray da ke arewacin Habasha suka yi sammako suka hau layin zaɓe. Gwamnatin tarayya ta riga ta ɗage babban zaɓen ƙasar daga watan Agusta saboda annobar korona, amma mahukuntan Mekele, hedikwatar Tigray, suka ce ba su san zancen ba, nasu za su yi. Majalisar ƙabilu ta tarayya ta ce haramtacce ne. TPLF, jam'iyyar da ke mulkin Tigray, ta kwashe kusan duk ƙuri'un. Ba a cika wata biyu ba yaƙi ya ɓarke tsakanin TPLF da gwamnatin tarayya, ranar 4 ga Nuwamba.

Tsarin mulkin 1995 ne ya yanka ƙasar jiha-jiha bisa harshe da ƙabila, irin su Oromiya da Amhara da Afar, har sashe na 39 ya ba kowace al'umma damar ɓallewa. Abin da ya hana gidan watsewa shi ne EPRDF, ƙawancen jam'iyyu huɗu da TPLF ke jan ragamarsa. A zaɓen 2015 shi da ƙawayensa suka cinye kujeru 547 na majalisa kaf. Duk saɓanin jiha da tarayya a ɗakin taron jam'iyya ake kashe shi. Da Firaminista Abiy Ahmed ya narkar da ƙawancen ya kafa jam'iyyar Prosperity a ƙarshen 2019, TPLF ta ƙi shiga, sai aka wayi gari babu alƙalin da kowa ya amince da shi. A ganina nan gizo ke saƙa: an ba jihohi iko a takarda, ba a gina musu wurin sasantawa a wajen jam'iyya ba.

Ga al'ummar Sidama kuwa, tsarin ya yi rana. A Nuwamban 2019 sun yi ƙuri'ar raba gardama, takardar na ɗauke da hoto biyu: shafeta, akushin abincinsu na gargajiya, ga mai son sabuwar jiha, da bukka ga mai son a zauna yadda ake. Kusan duk masu ƙuri'ar suka dangwala wa akushin, Hawassa ta zama hedikwatarsu.

Da aka yi babban zaɓen a Yunin 2021, ba a kai akwati ko ɗaya Tigray ba. Sai a Nuwamban 2022 aka sa hannu kan sulhu a Pretoria, bayan dubban iyalai sun binne 'ya'yansu.