Saukar Baƙin Gida A Birnin Landan

Ɗalibi ko ma'aikacin da kwas ya kai shi Landan, ranar da ya sami labarin mahaifi ko kawu na nan tafe, murna yakan yi haɗe da zullumi. Birnin yana da tsada, guzurin ɗalibi kuwa bai taka kara ya karya ba.

Abin farin ciki, akwai wuraren kallo da ba a biyan ko kwabo. Gidan tarihi na British Museum, wanda aka buɗe a 1759, kyauta ake shigarsa, kuma a can baƙo zai ga kayan tagulla na Benin waɗanda sojojin Ingila suka kwaso a 1897. Canjin masu gadi a ƙofar Fadar Buckingham ma ido kawai yake bukata.

Inda gizo ke saƙa shi ne abinci. Dattijon da ya saba da tuwo ba zai ƙoshi da burodi da ganye ba, kuma ba zai ci naman da bai san yankansa ba. Saboda haka a kai shi titin Edgware, inda Larabawa ke sayar da gasasshen naman rago na halal da shayi mai na'ana'a. Daga nan Babban Masallacin Regent's Park, wanda aka kammala a 1977, ba shi da nisa. In kuwa a gida za a yi girki, kuɓewa da doya da manja suna kasuwar Brixton.

Kada a jera wurare biyar a yini guda, ƙafar tsoho ba ta yaro ba ce. Dattijo yakan manta sunan gada ko fada, amma in ya koma gida kowa sai ya ji cewa ɗansa ya ciyar da shi, ya kuma kai shi Juma'a.