Ɗakin karatun likitanci: Yadda tsohon littafi ke iya cutar da majinyaci

Ilimin likitanci yana tsufa, wani lokaci cikin 'yan shekaru kaɗan. Har zuwa farkon shekarun 2000, kulorokwin ne ake koya wa ma'aikatan lafiya a Najeriya a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta koma ga haɗin magungunan ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. Haka kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awon ciki daga sau huɗu zuwa sau takwas. Ungozomar da ke dogaro da bugun da ya gabaci wannan shekara za ta ba mai juna biyu shawarar da aka riga aka sauya, alhali ba ta yi ganganci ba.

Wannan giɓi ne ɗakin karatun likitanci ke cikewa. Tara littattafai shi ne mafi sauƙin aikinsa. Mai wahalar shi ne na jami'in da ke kula da shi: ya sauke bugun da ya tsufa daga kanta, ya samo sabbin ƙa'idojin jinya, ya kuma koya wa ɗalibi bambance binciken da masana suka tantance da saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp. Manyan makarantun likitanci sun daɗe da gane haka. Ɗakin karatu na Latunde Odeku da ke Jami'ar Ibadan ya fara aiki tun 1966.

A da, tsadar mujallun ƙasashen waje ce babbar katanga. Ta ragu sosai. Tun 1997 rumbun PubMed na Amurka yake a buɗe kyauta ga duk mai intanet, kuma a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin HINARI da mujallu kusan 1,500, domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta kyauta ko a farashi mai rahusa. Sai dai cibiya ce ke yin rajista, kuma dole a samu lantarki da wanda ya iya bincike.

A nan ne lamarin ya shafi unguwa irin Barkin Sale a Minna. Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB duk suna cikin garin, amma uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi takan fara zuwa wurin ma'aikacin ƙaramin asibiti ko mai kemis, wato waɗanda suka fi kowa nisa da sabon bayani. Saboda irinsu ne Hukumar ta ƙirƙiro shuɗin akwatin ƙarfe mai ɗauke da zaɓaɓɓun littattafai sama da 100 don cibiyoyin lafiya na gundumomi a Afirka. A yau wayar hannu za ta iya ɗaukar abin da ke cikin akwatin, matuƙar ɗakunan karatun asibitoci da makarantun jinya na jihar za su ɗora wa wani jami'i alhakin tantance bayanan da aika wa ma'aikatan unguwanni a duk lokacin da wata ƙa'ida ta sauya.