Kalmar "Afraid" Ba Kullum Take Nufin Tsoro Ba

'Yan'uwana malaman gobe, ga wata 'yar kalmar Turanci da ta taɓa ba ni kunya, watau "afraid".

Sa'ad da nake gwajin koyarwa a wata makaranta a Jekadafari, nan cikin Gombe, malamin da ya zo duba ni ya ce, "I am afraid you must teach this lesson again." Sai na yi murmushi, na zaci tsorona yake ji. Ashe nufinsa darasin bai yi kyau ba, in sake!

To, ga yadda abin yake. In "of" ta biyo bayanta, tsoro ne sosai: "Audu is afraid of the hyena," watau Audu yana tsoron kura. In "to" ce, tsoro ya hana mutum yin abu. In kuwa "for" ce, wani ake jiye wa tsoro. Amma in Bature ya fara da "I am afraid", sa'an nan ya kawo labari mara daɗi, ladabi ne kurum, kamar mu ce, "Sai fa ka yi haƙuri."

Ku kiyayi kuskure biyu kuma. Ba a sa ta gaban suna: ba a cewa "an afraid boy", sai "a frightened boy". Kuma "ina jin tsoro" ba "I hear fear" ba ne, "I am afraid" ne.

Mu lura ƙwarai, gama kuskuren malami guda, aji duka ke gadonsa.