Mutuwar fuju'a a Madarunfa: Abin da binciken gawa ke nunawa game da manyan da ke faɗuwa ba tare da jinya ba

Labari ne da kusan kowane zaure a gundumar Madarunfa ya taɓa jin irinsa. Magidanci ya yi sallar Asuba a cikin jam'i, ya saɓa hauyarsa ya nufi gona, kafin hantsi sai ga shi an ɗauko shi a amalanke. Kafin Azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. A wurin zaman makoki wani zai ce dama ya kwana biyu yana kukan ciwon kai, wani ya rage murya ya ambaci jifa, limami kuma ya tunatar cewa kwana ne ya ƙare. Daga nan aka rufe magana, har sai ranar da ƙaninsa shi ma ya yanke jiki ya faɗi.

Madarunfa, mai tafki da kaburburan waliyyai 99, wadda ke kudu da birnin Maradi kusa da iyakar jihar Katsina, ba baƙuwa ba ce a rahotannin kiwon lafiya. A nan annobar kwalara ta watan Yulin 2018 ta fara, inda mutum sama da 3,000 suka kamu a ƙasar, mafi yawansu a wannan gunduma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro a yankin. Waɗannan mace-mace ana ƙidaya su, saboda akwai masu bibiya. Dattijon da ya faɗi a bakin rumbu kuwa ba kasafai yake shiga lissafin kowa ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na 2021 ya nuna cewa kashi 10 cikin 100 kaɗai na mace-macen nahiyar Afirka ake yi wa rajista.

A Nijar babu muƙamin "korona", wato jami'in da doka ta ɗora wa binciken mutuwar da ba a gane kanta ba, kamar yadda yake a Ingila da ƙasashen da ta raina. Tsarin Faransa ake bi: idan mutuwa ta zo da alamar tambaya, jandarmomi ko 'yan sanda su sanar da mai shigar da ƙara na gwamnati, shi kuma ya buƙaci likita ya duba gawar. Sau da yawa dubawar ba ta wuce ta waje ba. Idan babu rauni, babu alamar shaƙewa, sai a miƙa wa dangi.

Shi ya sa mafi yawan abin da aka sani game da cikin gawar ɗan Afirka ta Yamma da ya mutu farat ɗaya ya fito ne daga asibitocin koyarwa na kudancin Najeriya, irin su Ibadan, Ile-Ife, Benin da Legas, inda aka shafe shekaru ana fiɗe gawa da umarnin korona. Sakamakonsu ya yi kama da juna ƙwarai. Idan aka cire haɗarin mota da kisa, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ne kan gaba wajen kashe manya, kuma a cikinsu hawan jini ne uban tafiya. Wannan ya sha bamban da Turai da Amurka, inda toshewar jijiyoyin zuciya da kitse ce ta fi yawa.

Abin da likita ke gani a kan tebur ba ya ɓuya. Zuciyar babban mutum mai lafiya nauyinta bai cika wuce giram 350 ba. Ta wanda ya shekara goma da hawan jini ba magani tana iya haura giram 500, bangon ɓangarenta na hagu ya yi kauri saboda wahalar tura jini. Irin wannan zuciyar na iya rikicewar bugu ta tsaya cak, ko ta gaza har ruwa ya cika huhu. A wani kuma jijiya ce ke fashewa a cikin ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki ga wanda ya rayu, wanda a ƙauyuka da dama har yanzu ake kira bugun iska. Ƙodar irin wannan mamaci kan tsuke, fuskarta ta yi gurje-gurje. Duk wannan ɓarna a hankali take taruwa, mai ita yana noma yana cin kasuwa, yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Bayan zuciya sai huhu: nimoniya, tarin fuka da ba a gano ba, da gudan jini da ke tasowa daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Sai fashewar hanji sakamakon taifot ko gyambon ciki, da ciwon hanta, da sanƙarau. A mata masu shekarun haihuwa ana yawan samun cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini ya ƙare a ciki ba wanda ya ga ɗigo.

Akwai kuma wata cuta da ƙasar Hausa ta yi suna da ita a littattafan likitanci na duniya, wato gazawar zuciya bayan haihuwa. Mace ta haihu lafiya, ana cikin wankan jego sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara in ta kwanta. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Daga baya wani bincike a Yamai ya gano ƙarancin sinadarin selenium a jinin masu cutar. Babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya fi danganta ta da talauci, rama, rashin ilimin boko da hawan jinin masu ciki, bai kuma ga alaƙa mai ƙarfi da al'adun jego ba. Matan Madarunfa da na Jibiya ko Katsina abincinsu ɗaya, jegonsu ɗaya, don haka da wuya iyakar Ɗan Isa ta raba su a wannan lamari.

Rashin binciken gawa na da wani farashi da ba na asibiti ba, wato zargi. Tarihin Najeriya na 1998 ya isa misali. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, aka binne shi a Kano a ranar ba tare da an fiɗe gawarsa ba, kuma har gobe ana ta ƙirƙirar labarai. Wata guda bayan haka, ranar 7 ga Yuli, MKO Abiola ya rasu a tsare. Shi an gayyato ƙwararru daga Amurka, Birtaniya da Kanada, suka ce tsohon ciwon zuciya mai nasaba da hawan jini ne. Ba kowa ya gamsu ba, amma dai akwai takardar da za a yi gardama a kanta. A ƙauye babu takarda, sai kishiya ko abokin rikicin gona ko wata tsohuwa marar gata su ɗauki laifin.

Dalilin ƙin yarda sananne ne: Musulunci ya yi umarni da gaggauta jana'iza, ya kuma hana keta alfarmar mamaci. Sai dai malamai ba su rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 1987, ta halatta fiɗe gawa don binciken laifi, don gano cutar da za a kare masu rai daga gare ta, da kuma don koyar da likitanci, bisa sharuɗɗa. Matsalar da ta fi fatawa girma ita ce kayan aiki. Likitocin wannan fanni ƙalilan ne, a manyan birane suke, ga zafin Maradi ba ya jiran kowa.

Saboda haka masana suka koma ga hanyoyin da ba sai an buɗe gawa ba. Ɗaya ita ce binciken baka: bayan an share makoki ma'aikaci ya je gidan da jerin tambayoyin da WHO ta tsara, ya ji daga wanda ya yi jinya ko mamacin ya yi tari, ko ya kumbura, ko bakinsa ya karkace. Nijar ta taɓa yin irin wannan a faɗin ƙasa a 2012, ta hannun Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, amma a kan mutuwar ƙananan yara. Ɗayar kuma ita ce a ɗebi ɗan abu kaɗan da allura daga huhu, hanta da ƙwaƙwalwa, a mayar da gawa cikin 'yan sa'o'i, kamar yadda shirin CHAMPS ke yi a Bamako ta Mali, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne. Binciken baka yana kama shanyewar jiki da tarin fuka, amma yakan yi rauni a mutuwar farat ɗaya, domin wanda ya faɗi shi kaɗai a gona bai bar wa iyalinsa alamar da za su faɗa ba.

Abu ɗaya da ba ya buƙatar gawa shi ne awo. Binciken STEPS da Nijar ta yi da WHO a 2007 ya nuna aƙalla babba ɗaya cikin biyar na da hawan jini, kuma WHO ta ce a duniya kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Awon ba ya cin minti biyar a kowace cibiyar lafiya ta CSI. A Madarunfa ma'aikaci zai ce 14/9, a Jibiya a ce 140/90, duk abu ɗaya ne, kuma wanda awonsa ya kai haka a ranaku biyu mabambanta ya shiga sahun masu buƙatar kulawar likita. Wanda aka ɗora a kan magani kullum zai riƙa sha, ko da ciwon kan ya tafi. Yakan kuma zama dole a rage gishiri da dunƙulen miya, a yi hattara da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ake saye a tire a kasuwa, domin suna ɗaga jini suna kuma cin ƙoda.