Zanen Ƙididdiga: Kowane Iri Da Aikinsa

'Yan'uwa, idan lambobi suka yi yawa a kan allo, ido ya kan gaji, hankalin yara kuma ya tafi wani wuri. Domin haka masana suka ƙago zanen ƙididdiga. Amma fa zanen iri-iri ne, kuma ba a sare itace da lauje. Kafin mu ɗauki alli, sai mu tambayi kanmu, me mu ke so a gani?

Idan sauyawar abu bisa tafiyar zamani mu ke nufi, kamar farashin gero shekara bayan shekara, to, zanen layi ya fi dacewa, gama hawansa da saukarsa su ne labarin.

Idan kuwa gwada abubuwa dabam-dabam za mu yi, sai sanduna. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, ya cika littafinsa na 1786 da zanen layi. Amma da ya zo kan cinikin ƙasarsa da wurare 17, na shekara ɗaya tak, sai ya ga layi ba shi da inda zai bi, ya jera sanduna. Sharaɗinsu ɗaya ne, lalle su tashi daga sifiri. In an datse gindinsu, 52 sai ta yi kamar ta ninka 51, mun kuwa yi ƙarya ke nan ba da baki ba.

Shi ne kuma ya fito da zanen faifai a 1801, watau da'ira da a ke yankawa kashi-kashi. Wannan ba ya aiki sai in kashin duka sun haɗu sun cika abu guda, kuma in sun wuce biyar ko shida ido ba ya rarrabewa.

In tambayar "ina" ce, sai taswira. A 1854 kwalara ta ɓarke a birnin Landan. Likita John Snow ya ɗiga gidajen mamata a taswira, sai ga su sun taru kewaye da famfon ruwa ɗaya a titin Broad.

Yau kwamfuta na zana ko wanne cikin ƙiftawar ido, amma zaɓin yana wuyanmu. Yaran da za mu koyar sun fi gaskata hoto da magana. Saboda haka mu zaɓa da hankali, mu sa wa kowane zane suna da ma'auni. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.