Karayar Tsohuwa Daban Take

Jama'ar Agadas, karaya iri-iri ce. Saurayi ya faɗo daga raƙumi ya karye, kowa ya san dalili. Amma tsohuwa ta yi ɗan tuntuɓe a bakin rijiya, ƙugu ko wuyan hannu ya karye, to a bincika. Bayan al'ada ta ɗauke wa mace, ƙashinta yakan lalace daga ciki kamar icen da gara ta ci, ba tare da ciwo ba. Likitoci suna da na'urar awon ƙwarinsa.

Karayar ƙugu ta fi ƙarfin maɗori. Haka in ƙashi ya huda fata: a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi babban asibitin Agadas ranar nan.

Nono da cuku suna gina ƙashi. Makiyaya, kada ku kai duka kasuwa, ku rage wa iyayenku mata.